Kawu ya ce hular nan za ta kai ni tarhil

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 23, haifaffen Jidda. Tun rasuwar mahaifina nake zaune gidan kawuna, a shagonsa kuma nake aiki. Allah ya ɗora mini son hular bereti, irin mai faɗin nan ta ulu da ake karkatawa gefe. Na tara goma sha ɗaya, wasu daga Haraj Sawarikh, kasuwar gwanjo ta Jidda, wasu ta intanet, ina kuma maƙala musu fil da baji. Uku daga ciki na sojoji ne da bajinsu a jiki. Kawu ya rantse in ya sake ganina da irin hular nan a waje sai ya ƙone su duka, wai za ta kai ni tarhil, wato inda ake tsare baƙi kafin a kore su daga ƙasar, shi ma ta ja masa magana. Ni dai ina ganin tsoro ne irin na manya. Bayan wannan, biyu sun yi fumfuna, ɗaya fil ya bar mata tabon tsatsa, kuma duk wadda na sa wa baji sai ta riƙa zubo mini gefe ɗaya. Ku ba ni shawara.

Amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka wa kawunka da alheri.

Ɗanmu, a kan huluna ukun nan na sojoji kawunka ya fi ka gaskiya, kuma da nisa. Saudiyya tana da doka tun shekarar 1408 ta Hijira a kan wanda ya yi sojan gona da sunan jami'in hukuma: ɗauri har shekara 3, ko tarar da ta kai riyal 50,000, ko a haɗa duka. Idan kuwa soja ko jami'in leƙen asiri aka kwaikwaya, hukuncin yana iya kaiwa shekara 10 ko riyal 150,000. Za ka ce ai kai ba ka taɓa ce wa kowa kai soja ne ba, ado kawai kake yi. Mun yarda. Sai dai askarin da ya tare ka a shinge da dare hular zai fara gani kafin ya ji bayaninka, bayanin ma a ofishinsu za ka yi shi. Haihuwar Jidda ba ta mai da kai ɗan ƙasa ba, da iƙama, wato takardar izinin zama, kake zaune, kuma mai iƙama ba ya neman dalilin da zai sa a buɗe fayil ɗinsa. Waɗannan ukun daga yau na akwati ne. Kada ka fita da su, kada ka ɗauki hoto da su a ka ka ɗora a Snapchat ko TikTok, domin hoto ya fi shingen titi nisan tafiya. In akwai wadda bajinta na wata rundunar ƙasar nan ne, wannan ko a akwati ba ma son ta, kuma kada ka sayar wa wani. Kai wa kawu ita, ku shawarta yadda za a rabu da ita.

Inda kawu ya wuce gona da iri shi ne haɗa sauran takwas ɗin da su. Bereti ta girmi kakin soja. Hular makiyaya ce a duwatsun da suka raba Faransa da Sifaniya, har gobe kuma ana saƙa ta a can: kamfanin Laulhère a garin Oloron-Sainte-Marie yana ƙirga tarihinsa daga 1840, Elósegui kuma a Tolosa daga 1858. Sojoji aro suka yi. Rundunar tsaunuka ta Faransa ta ɗauke ta a 1889, mayaƙan tankar Ingila suka ɗauki baƙa a 1924 saboda ba ta da baki mai fitowa waje da zai riƙa karo da ƙarfe a cikin tanka, a 1942 kuma masu saukar laima suka ɗauki ja mai duhu, kwamandoji suka ɗauki koriya.

Bambance su ba wuya. Ta farar hula tana da ɗan tsinin ulu a tsakiyar ka, tana da faɗi, santimita 26 zuwa 30 ko fiye, kuma bakinta lanƙwashe yake ciki, ko da akwai fata ba a ganin ta. Ta soja ƙarama ce, ba ta da tsini, bakinta fata ce ko ƙyalle a fili da zaren tsukewa a ƙeya, da ƙananan ramukan iska a gefe, da wani abu mai tauri a ciki inda baji ke zama. Baje naka a tabarma ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Mai yiwuwa ka tarar cikin takwas ɗin ma akwai ta soja da aka cire wa baji kafin ta iso haraj; ita ma ta bi 'yan'uwanta akwati. Launi ma yana magana. Ja, ja mai duhu, kore irin na kaki da shuɗi mai haske irin na sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya, duk ka bar su. Toka-toka, ruwan ƙasa, ruwan madara, ruwan zuma, babu wanda zai yi maka kallon jami'i da su. Baƙa tana tsaka-tsaki: in mai faɗi ce da tsininta, ba komai, amma kada ka ja ta gefe ɗaya ta kwanta a kan kunne, ka kuma sa ƙarfe mai ƙyalli a saitin ido. Wannan sawar sojoji ce, ko da fil ɗin na ƙwallo ne.

Abin da ke jikin fil ɗin shi ma sai an tace. Mikiya, fukafukai, takubba, kambi, angar jirgin ruwa, duk alamomin runduna ne a ƙasashe da yawa. Tauraro ɗaya a goshin baƙar bereti kuwa kowa ya san hoton Che Guevara na 1960 yake nufi. Jar bereti ta zama tutar siyasa a Afirka tun zamanin Thomas Sankara, jam'iyyar Julius Malema ta Afirka ta Kudu ta ɗauke ta a 2013, a Uganda kuma gwamnati ta sanya ta cikin kayan soja a 2019, lokacin da magoya bayan Bobi Wine suka mai da ita alamarsu. A ƙasar da ba a yin jam'iyya, kai da kake baƙo ba ka da abin nema a wannan layin. Akwai kuma ƙa'idar kiyaye ɗa'a a bainar jama'a ta 2019, wadda ta hana sutura mai hoto ko rubutun da ya saɓa wa mutunci, saboda haka rubutun Turancin da ba ka san ma'anarsa ba, nemi mai karanta maka kafin ka maƙala. Filin da ya rage maka yana da faɗi: ƙungiyoyin ƙwallon Jidda, Ittihad mai rawaya da baƙi ko Ahli mai kore da fari, gwargwadon inda zuciyarka take, Kano Pillars in kana tuna gida, dabino, jirgin ruwa, tagogin katako na Balad, tsohon garin Jidda, harafin farko na sunanka. Na Ranar Ƙasa, 23 ga Satumba, da na Ranar Kafuwa, 22 ga Fabrairu, suna cika kasuwa a lokacinsu. Mai ɗauke da tuta dai ka tuna kalmar shahada ce a jikinsa. Ba a shiga banɗaki da shi, ba a yar da hular a ƙasa, gara ka sa shi a ƙirji inda cirewa ke da sauƙi. Fil mai siffar mutum ko dabba, tambayi malaminku hukuncin salla da shi. Ita hular kanta ba ta hana sujada tunda ba ta da baki mai fitowa gaba, tura ta baya kawai goshi ya samu ƙasa.

Maganar kawu kuma, kada ka je masa da tarihin Faransa a baki kamar mai kare kansa a kotu. Mutumin da ya riƙe ka a gidansa da shagonsa, in aka kama ka shi za a fara kira. Bari sai bayan isha ya ci abinci ya huta, ka ɗauko huluna ukun a leda ka ajiye gabansa, ka ce: "Kawu, na yi tunani a kan maganarka, gaskiya ce. Ga waɗannan, a ajiye a ɗakinka." Sannan ka nuna masa ɗaya daga cikin na farar hula, wadda ba komai a jikinta, ka nemi izinin sa ta in za ka fita da abokai. A shago, da masallacin Juma'a, da wurin ɗaurin aure ko ta'aziyya, sa abin da yake so ya gan ka da shi. In ya ce a'a a ranar, kada ka ja. Ba shi wata guda ya ga ka cika alkawarin farko, ka sa inna ko wani babba da yake jin nauyinsa ya sake taɓo masa zancen.

Yanzu ga hulunan kansu. Zubowa gefe ɗaya nauyi ne ke jawo ta, da kuma wurin da ka soka. Bereti saƙa ce da aka dake cikin ruwa har zarenta ya cure ya zama kamar bargo. Tana da laushi, ba ta da ƙashin da zai ɗauki ƙarfe. Fil ƙarami, wanda faɗinsa bai wuce santimita biyu da rabi ba, shi ne nata. Biyu, in ka matsa uku, kuma dukansu kada su haura kamar giram 15. Manyan bajin nan masu zagaye da ake rabawa a taro, masu faɗin santimita biyar da wani abu, na jaka ne. Soka fil a ɓangaren da ke tsaye, ba wanda ka karkatar ba, kamar yatsa biyu sama da bakin hular, ta yadda bayansa zai faɗa cikin lanƙwasar maimakon ya zauna a kan fatar kanka. Wanda ya sa a ɓangaren da ya zubo ya ƙara wa mai gangara kaya.

Sai ka yi masa matashi daga ciki. Yanko roba mai ɗan tauri daga murfin robar zabadi, wato yogot, santimita 4 da 5, ka zagaye kusurwoyinta da almakashi don kada su ci ulun, ka huda ta da allura mai zafi daidai inda tsinken fil zai bi. Tsinken ya ratsa ulu, ya ratsa robar, sannan marufin ya kama. Nauyin ya bazu ke nan a kan faɗin robar, fil ya daina sunkuyawa, ramin kuma ya daina faɗaɗa. Tsinken yawancin fil bai kai santimita ɗaya da rabi ba, don haka kada ka sa roba mai kauri har marufi ya rasa abin kamawa. Wajen huda hular, almakashi da reza haramun ne. Ɗauki basilla ka murza ta a hankali ta raba zaren ba tare da ta yanke shi ba. Irin wannan ramin in ka cire fil ka kara wurin a tururin buta, ka murza da yatsa, rufewa yake. Wanda aka yanka ya yanku har abada.

Marufin baya iri uku ne a kasuwa. Na ƙarfe mai 'yan fukafukai biyu, wanda yawanci ake haɗo fil da shi, shi ne mafi rauni: yana kwancewa, yana kama gashi, yana karce kai. Na roba ya fi daɗi a jiki, amma zafi yana sa shi saki, bayan 'yan watanni sai ka shafa ka ji fil ya tafi. Na uku mai kulle ne, wani sai an ɗaga kansa yake saki, wani da ɗan sukurun da ake ɗaurewa. Fil ɗin da kake ji da shi, wannan za ka saya masa. Fil mai tsinke biyu ya fi mai ɗaya, don ba ya juyawa. Kuma tsini ne yake kallon ƙoƙon kanka, saboda haka cire shi kafin ka hau babur ko ka shiga fili.

In kana son adon da ba huda ba nauyi, nemi mai ɗinkin hula cikin mutanenmu ya yi maka ɗan dagi ko aska da zare a gefe, ko ka sayi baji na saƙa ka ɗinka da hannu. Irin wanda ake mannawa da dutsen guga kada ka kusance shi: zafin yana ƙona gashin ulun ya bar sheƙi, gam ɗin kuma ba ya fita.

Tsatsa da fumfuna uwarsu ɗaya, laimar Jidda da gishirin teku, ga zufa a kai. Gwada kowane fil da maganaɗisu. Wanda ya manne da ƙarfi baƙin ƙarfe ne aka shafe, shi ne mai tsatsa da zarar shafen ya karce. Na tagulla ba ya mannewa, amma shi ma yana fitar da wani kore-kore in ya daɗe cikin damshi. Maganin duka biyun ɗaya ne: kada fil ya kwana a jikin hula. Ka dawo, ka cire, ka goge da busasshen ƙyalle. Tsinken da bayan fil ka shafa musu jan farce marar launi, siriri, ka bari ya bushe. Yana kuma taimakon wanda ƙarfen ke sa wa ƙaiƙayi. Tabon da ya riga ya zauna, gaskiya da wuya ya fita tas daga ulu. Gwada ɗigon ruwan lemun tsami a ciki, inda ba a gani. In launi bai tashi ba, ɗiga a kan tabon, ba shi minti biyar, ka danna da ƙyalle mai ruwan sanyi, kada ka cuɗa. Sau biyu ya isa. In ya ƙi, rufe wurin da baji na saƙa. Clorox kuwa, wato bilic, ko kusa, narkar da ulu yake yi.

Masu fumfunar, fitar da su waje tukuna, kada ka kakkaɓe a ɗaki ta bazu kan sauran. Rufe hancinka, ka share da buroshi mai laushi ta fuska ɗaya. Haɗa farin khal, wato binega, da ruwa daidai wa daida, ka jiƙa ƙyalle ka matse, ka bi wurin da dannawa ciki da waje, har shafin. Fatar bakin ka goge ta daban, in ta bushe ka shafa mata ɗan man fata marar launi. Shanya a inuwa mai iska kwana biyu. Ranar Jidda tana kashe fumfuna, amma tana cin launi tana ƙanƙantar da fata, don haka in za ka nuna mata rana, juya cikin waje, rabin awa da safe.

Wanki sai dole. Wadda ba ta da fata, ruwan sanyi da ɗan shamfu, a tsoma a danna, ba cuɗawa ba matsewa. Zafi da sabulu da murza su ne suka curar da ita tun a masaƙa, in ka sake haɗa mata su za ta ƙara curewa ta koma ta yaro. Naɗe ta a tawul ya tsotse ruwan, ka zura mata faranti mai faɗinta ta bushe a kai. Mai fata ba a tsoma ta, gogewa ake yi. Maiƙon man gashi ko na turaren oud, barbaɗa masa garin sitaci ya kwana, da safe ka share. Shi ya sa turare a jiki ake shafa shi, a bar hula. Hayaƙin bakhur ma yana dusashe ƙarfen fil.

Wajen ajiya, wadda ka cire daga ka ta sha iska yini guda kafin ta shiga ko'ina. A kwance ake ajiye bereti, uku ko huɗu a jere. Rataya a ƙusa yana fitar mata da ƙaho. Samu akwatin roba mai murfi mai kamawa, ka zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse damshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ko ka sayi manyansu, ka riƙa canzawa. Ɗan agogon auna laima ba shi da tsada: in yana nuna ƙasa da 60 hankalinka kwance, in ya zauna a 70 fumfuna na hanya. Lokacin da aka fi yin asara shi ne in an yi tafiya an kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, an rufe ɗaki mako biyu. Akwatin kada ya jingina da bangon banɗaki, hula kuma kada ta yini a mota, don zafin cikin motar da ke rana yana wuce digiri 60, fata ta tsage, marufin roba ya lalace. Fil ɗin su kuma a soka su a kwali ko ƙyalle mai kauri, kowane da wurinsa, don in suka haɗu a gwangwani fentinsu suke karce wa juna.

Duk hular da ta fito daga haraj, ɗauka tana da ƙwan asu. Cire ƙarfen jikinta, sa ta a leda ka fitar da iska ka ɗaure, ta yi mako guda a firiza mai sanyin 18 ƙasa da sifiri, in ka fitar kuma kada ka buɗe ledar sai ta yini ta huce. Ƙwallayen kafur ɗin nan farare da iyayenmu ke zubawa a akwati, in akwai yara a gidan ka bar su. Sinadarin naftalin da ke cikin irinsu da yawa yana fasa jinin wanda ke da ƙarancin G6PD, larurar kuwa tana da yawa a cikin mutanen Afirka ta Yamma da na nan yankin.

Ukun da za su zauna wurin kawu su ma a yi musu wannan hidimar kafin a rufe. Kada ka goge bajinsu da man goge tagulla don su yi ƙyalli, kada ka aske su, kada ka cire shafi ko takardar kamfani. A wurin masu tara irin waɗannan kaya, dusashewar da takardar su ne darajar. Rubuta wa kowace ɗan kati: inda ka saya, nawa, da abin da ke rubuce a cikinta. Kuma ka dakata da yin odar kayan soja ta intanet, tunda kunshin ta hannun kwastan zai bi da sunanka da lambarka a jiki.

In za ka ƙara saye, auna kanka da tef ɗin tela, yatsa ɗaya sama da gira da kunnuwa. Yawancin maza suna faɗawa tsakanin santimita 55 da 60. In ka faɗa tsakanin lamba biyu, ɗauki babbar, don mai fata ba ta buɗewa, zufa ma ƙara tsuke ta take yi. A haraj ɗaga hular saitin haske ka duba ƙananan ramuka, lanƙwasa fatar ka ga ko tana tsagewa, ka shinshina cikin. Ulu dai a Jidda na Disamba zuwa Fabrairu ne, sai in an hau Ɗa'if ko Abha. Sauran watannin nemi ta auduga ko ta lilin. Ita ba ta kai ulu jiki ba, don haka fil ɗaya ƙarami za ta ɗauka, shi ma da robarsa a baya.